Shafi Ya Faɗi Da Tsakar Dare: Abin Da Nake Dubawa Kafin In Taɓa Sabar



A bidiyon makon jiya na nuna yadda ake ɗora shafi a kan ƙaramar sabar haya, wato VPS. Tambayar da ta fi yawa bayan nan ita ce: to idan shafin ya faɗi fa, daga ina ake farawa? Bari in fara da kunyar da na sha.

Ana saura kwana goma ƙaramar sallah, ina ɗakina a unguwar Najma nan Doha, ƙarfe ɗaya na dare, sai ga kiran yayana daga Kano. Can sha ɗaya ne, don Doha na gaban Najeriya da awa biyu. Yana da shago a Kantin Kwari, ni na haɗa masa shafin da 'yan sari daga Zariya da Maraɗi ke duba shadda da atamfa su yi oda. Ya ce, "Injiniya, abin nan naka fa ya mutu tun bayan asham. Mutum uku sun kira ni." Na ce, "Yaya, ba ni minti biyar."

Na kashe sabar na kunna. Shafin ya dawo, bayan ɗan lokaci ya sake faɗuwa. Na maimaita har sau uku. Daga nan na shiga cancanza saitin Nginx da ka, na ƙara ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Sai dab da sahur na rubuta umarnin da ya kamata in fara da shi, `df -h`, na ga faifan ya cika maƙil. Minti biyar ɗina ya zama awa uku, a makon da kasuwa ta fi ci.

Tun daga ranar na yi wa kaina doka: ba na gyara abin da ban gano ba. Ga yadda nake bi, daga wayar mai ƙorafi har zuwa cikin sabar.

1. Wa ya gani, kuma me ya gani?

"Ba ya buɗewa" ba bayani ba ne. Ka ce a turo maka hoton allon. Ka tambaya da wane layi aka gwada, MTN ne ko Airtel, a kuma gwada da wani. Kai ma ka gwada daga inda kake da `curl -I` tare da adireshin shafin, don burauza kan nuna maka tsohon kwafin da ta adana, ka ɗauka komai lafiya.

Idan yana buɗewa a Doha amma ba ya buɗewa a Kano, wataƙila laifin ba na sabar ba ne. Ku tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Shafukan da ke kan sabar a Turai suna nan daram, hanyar zuwa ce ta toshe. Wanda ya zauna yana kwance saitinsa ranar, wahalar banza ya sha.

2. Sunan yana kai mutum gidan kuwa?

DNS shi ne ke juya sunan shafi zuwa lambar IP. Rubuta `dig` da sunan shafin, ka ga ko lambar da ta fito ta sabar ɗinka ce. In babu amsa sam, duba ko kuɗin sunan ya ƙare. Sunayen .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, amma sabuntawa a wurin kamfanin da ka yi rajista ake yi, kuma saƙon tunin yakan tafi imel ɗin da aka daɗe ba a buɗe ba. In kuwa yanzu ka canza lambar IP, yi haƙuri tukuna. Akwai adadin daƙiƙoƙi da ake kira TTL, sai sun cika wasu layukan za su saki tsohuwar lambar.

Kada ka raina wannan matakin. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida, saboda wani kuskure a aikin gyara ya yanke hanyoyin cikin kamfanin, har duniya ta kasa samun DNS ɗinsu.

3. Karanta lambar kuskuren

Ɗauki shafinka kamar shago. Nginx ne yaron da ke bakin ƙofa yana karɓar saƙo. Manhajarka, PHP ce ko Node ko Python, ita ce mai ɗauko kaya a sito. Rumbun bayanai, irin su MySQL, shi ne littafin lissafi. Kowace lamba tana faɗa maka wanda ya gaza:

- 404: an nemi kayan da babu, ko an ba da adireshi ba daidai ba.
- 403: kayan na nan, amma an hana a taɓa. Duba izinin fayil da wanda ya mallake shi. Don Allah kada ka yi `chmod 777` don ka huta, buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan.
- 500: mai sito ya fara aiki ya yi tuntuɓe. Matsalar tana cikin lambobinka, ko a tsakaninsu da rumbun bayanai.
- 502: yaro ya je sito bai samu amsa mai ma'ana ba. Galibi manhajar ta mutu. Duba da `systemctl status` da sunanta.
- 504: ya je, ya jira har ya gaji. Wani abu na jan ƙafa, sau da yawa tambaya ce mai nauyi a rumbun bayanai.

A daren nan 500 nake gani. Da na tsaya na karanta, da na san Nginx ba shi da laifi, tunda shi ne ma ya kawo mini saƙon.

4. Log, faifai, ƙwaƙwalwa

Nan ne gundarin aikin. Sabar ba ta mutuwa shiru, tana rubuta abin da ya same ta a fayilolin log. Fara da `tail -n 50 /var/log/nginx/error.log`, sannan log na manhajar, sannan na rumbun bayanai. Nemi kuskuren farko, ba na ƙarshe ba. Na ƙarshen yawanci jikokin na farkon ne.

Ka kula da agogo. Sabar da yawa kan lokacin UTC suke. Kano na gaban UTC da awa ɗaya, Doha da awa uku. In Yaya ya ce ƙarfe tara na dare abin ya fara, 20:00 zan nema a log. Na taɓa ɓata rabin awa ina karanta layukan da ba su shafe ni ba saboda wannan.

Sai umarni uku da ba sa cin minti ɗaya. `df -h` zai nuna ko faifai ya cika. `df -i` zai nuna ko ƙananan fayiloli sun yi yawa har ba a iya ƙirƙirar sabo, ko da akwai sauran wuri. `free -h` kuma na ƙwaƙwalwa ne. A ƙaramar sabar mai 1GB, in ƙwaƙwalwa ta ƙare, Linux da kansa yake kashe shirin da ya fi ci, kuma sau da yawa MySQL ne. Za ka ga shaidar a `journalctl -k`.

Ni abin da ya faru, wata biyu kafin nan na kunna yanayin debug ina neman wani ƙaramin kuskure, na manta ban kashe ba. Duk wanda ya buɗe hoton atamfa sai a rubuta layuka a log. Da kasuwar sallah ta buɗe, fayil ɗaya ya kai 17GB a faifai mai 25GB. MySQL ya rasa inda zai yi rubutu, ya tsaya. Kashewa da kunnawar da nake yi tana share 'yan fayilolin wucin gadi ne kawai, shi ya sa yake ɗan farfaɗowa ya koma.

Ga tarko: kada ka goge irin wannan fayil da `rm` alhali shiri yana riƙe da shi. Sunan zai ɓace, amma wurin ba zai dawo ba sai an sake tayar da shirin. Karanta ƙarshensa tukuna, sannan ka zazzage cikinsa da `truncate -s 0`, ka kuma saita `logrotate` ya riƙa yi maka shara.

5. Kwaɗon tsaro

In burauza ta ce shafin ba shi da tsaro, takardar shaidar SSL ce. Ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, kuma Certbot na sabunta ta da kansa, sai dai hanyar da aka fi amfani da ita tana buƙatar ƙofa ta 80 a buɗe. Mutum zai rufe ta da sunan ƙara tsaro, bayan wata biyu ko uku shafi ya faɗi, ya rasa dalili. Gwada `certbot renew --dry-run` yau, kada ka jira ranar.

In mutum ɗaya ne kawai ke ganin gargaɗin, ka ce ya duba kwanan watan wayarsa. Sannan tun 2024, wayoyi masu Android 7.0 zuwa ƙasa ba sa amincewa da shaidar Let's Encrypt da kansu, kuma irinsu na nan a hannun mutane a kasuwanninmu. Firefox kan buɗe musu, don tana tafe da nata jerin shaidun.

6. Canji ɗaya, gwaji ɗaya

Ka gano matsalar? To a hankali. Kwafi fayil kafin ka taɓa shi. Canza abu ɗaya, gwada, rubuta abin da ka yi. Kafin ka sake loda Nginx, rubuta `nginx -t`, zai faɗa maka layin da ka yi kuskure tun shafin bai faɗi ba. Kuma in an ce "jiya yana aiki", tambayar farko ita ce me aka canza tsakanin jiya da yau. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa ɗaya daga CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi.

Sai maganar ajiyar kwafi. A Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge bayanai a sabar da ba ita ya yi niyya ba, sai a lokacin aka gano yawancin hanyoyin ajiyarsu ba sa aiki, suka rasa bayanan kusan awa shida. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu da kwafinsu ke wuri ɗaya da sabar suka rasa duka biyun. Ajiye kwafinka a wani waje dabam, kuma ko sau ɗaya a wata ka gwada dawo da shi. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, fata ne kawai.

Washegari Yaya bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi wani ɗan sari da ya saba sayen dila guda ya gaji da jira ya saya a layin gaba. Wannan ta fi mini faɗa zafi. Yanzu na sa UptimeRobot yana leƙa shafin kowane minti biyar, na kuma rubuta ɗan shiri da ke turo mini saƙo in faifai ya wuce kashi 80 cikin ɗari. Matakan nan shida kuwa na manna su a bango, saman teburin da na saya a Souq Haraj, don ƙarfe ɗaya na dare ba lokacin dogaro da ƙwaƙwalwa ba ne.

A bidiyo na gaba, in Allah ya yarda, zan cika faifan wata sabar da gangan, mu bi matakan tare ku ga yadda kowane kuskure yake fitowa a allo. Sai mun haɗu.