Iskar Mastad: Gubar Yaƙi da Ta Haifi Maganin Sankara

Daga cikin sinadaran da masana ke kira masu liƙa alkil, babu wanda ya kai iskar mastad ƙaurin suna. Alkil ɗan gungu ne na kabon da haidirojin, kuma aikin waɗannan sinadarai shi ne su manna shi a jikin DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, har su ɗaure silinsa biyu wuri guda, ta yadda ƙwayar ba za ta iya rabuwa ta hayayyafa ba.

Ko da yake ana ce mata iska, a haƙiƙa ruwa ce mai maiƙo da warin tafarnuwa, wadda sojojin Jamus suka fara harbawa a watan Yulin 1917 kusa da garin Ypres na Beljiyam. Babbar muguntarta ita ce wanda ta taɓa ba ya jin komai nan take, sai bayan sa'o'i idanunsa su kumbura, fatarsa ta yi bororo, numfashi ya gagare shi, kuma har yau ba a sami makarinta ba. Italiya ta zuba ta a Habasha a 1935 da 1936, Iraƙi ma ta yi amfani da ita a yaƙinta da Iran, kafin yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta fara aiki a 1997.

Likitocin da suka duba waɗanda gubar ta kashe sun lura cewa tana cinye ɓargo, tana kuma rage fararen ƙwayoyin jini, domin ta fi yi wa ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa illa, wanda shi ne ainihin halin ƙwayoyin sankara. A kan haka ne Louis Goodman da Alfred Gilman na Jami'ar Yale ta Amurka suka gwada 'yar'uwarta mai ɗauke da naitirojin a kan wani mai sankarar kaluluwa a 1942, ƙullutun jikinsa suka saɓe, amma daga baya suka dawo.

Daga wannan tsatso aka sami cyclophosphamide, wanda ake yi wa yaran Afirka masu sankarar Burkitt magani da shi. Sai dai gubar ba ta rabu da maganin ba, don yana zubar da gashi, yana raunana garkuwar jiki, shi kansa kuma yana iya haddasa wata sankarar bayan shekaru, shi ya sa ba a bayar da shi sai a ƙarƙashin kulawar ƙwararren likita.