Manyan Ƙasashe Na Ja-in-ja, Tukunyarki Ke Ji A Jika

Uwargida, kin tuna yadda kuɗin burodi da taliya ya tashi a 2022? Yaƙin Rasha da Yukren na cikin dalilan, domin ƙasashen biyu manyan masu sayar da alkama ne a duniya.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Amurka ce ke da wuƙa da nama. Masana hulɗar ƙasashe da dama na cewa wannan zamani ya wuce. Farfesa John Mearsheimer na Jami'ar Chicago yana ganin manya uku ne yanzu: Amurka, Sin da Rasha, kuma kowace tsaron kanta ta sa a gaba, don haka gasa ba makawa. Marigayi Joseph Nye na Jami'ar Harvard kuwa ya nuna cewa farin jini ma ƙarfi ne, ƙasar da ake sha'awar jami'o'inta da fina-finanta kan samu biyan buƙata ba tare da harba bindiga ba.

Duba wayar hannunki. In Tecno ce ko itel, ta kamfanin Sin ce. Nijar ta sallami sojojin Faransa a 2023, Najeriya kuma ta zama ƙawar ƙungiyar BRICS a Janairun 2025.

Wasu na murna cewa manema sun yi yawa, Afirka za ta zaɓi mai tayi mafi tsoka. Ni dai ina da ja. Yawancin wannan tayi bashi ne, kuma yaran da kike shiryawa makaranta yau su ne za su biya.