Abdul Razak: Ɗan Kumasi Da Bai Manta Da Gida Ba

Idan dattawanmu suka zauna hira a Zangon Kumasi bayan sallar la'asar, zance ya faɗo kan ƙwallo, da wuya a tashi ba a ambaci Karim Abdul Razak ba, wanda duniya ta sani da Golden Boy, wato Yaron Zinariya. Amma yaranmu na yau, wasunsu ko sunan ba su sani ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tuna musu.

An haifi Razak a Kumasi a 1956. Ya fara fice a kulob ɗin Cornerstone na nan garin, daga nan Asante Kotoko suka ɗauke shi a 1975. Ɗan wasan tsakiya ne, mai raba ƙwallo, kuma idan ya sami sarari ya jefa ta a raga da kansa.

Shekarar da ba za mu manta ba ita ce 1978, sa'ad da Gana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, aka yi wasanni a Ankara da Kumasi. A wasan kusa da na ƙarshe Black Stars suka haɗu da Tunisiya. Ƙwallo ɗaya tak aka ci a ranar, kuma daga ƙafar Razak ta fito. Bayan nan aka lallasa Uganda da ci 2 ba ko ɗaya, Opoku Afriyie ya ci duka biyun. Wannan ne karo na uku da Gana ta ɗauki kofin, saboda haka aka bar mata shi dungurungum. A shekarar ce aka zaɓi Razak gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, shi ne na biyu daga Gana bayan Ibrahim Sunday, wanda ya samu a 1971.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. A 1979 ya tafi Amurka, ya buga wa New York Cosmos tare da Beckenbauer na Jamus da Carlos Alberto na Birazil. Ya kuma yi wasa a Daular Larabawa, da Arab Contractors na Masar, da Africa Sports na Abijan.

To, ga abin da ya fi burge mu. Sau biyu yana barin ƙasashen waje ya dawo ya sa jar rigar Kotoko. Da ya ajiye takalmi ya koyar da ƙwallo a Benin da Mali, sannan ya sake dawowa, ya jagoranci Kotoko suka ci gasar Gana a 2003, bayan shekara goma suna nema. Ashe gaskiyar Bahaushe, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Razak bai yarda gida ya bar shi ba.

Yau yaranmu suna buga ƙwallo cikin ƙura a Aboabo da Sabon Zango, burin kowa Turai. Ba laifi. Sai dai su sani, Razak a gida ya yi suna kafin na waje su neme shi. Mu kuma iyaye, kada mu ɗauki ƙwallo shiririta kawai. Mu haɗa musu da makaranta, ta allo da ta boko. Tun 1982 rabon Gana da kofin Afirka. Wa ya sani ko mai dawo da shi yana cikin lungunanmu?

Allah Ya ƙara wa Razak lafiya, Ya albarkaci na baya.