Yadda Injin CNC Ke Yanka Rami Mai Da'ira

Injin CNC, wato na'urar sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, tsakiyar wuƙarsa yake bi, alhali gefenta ne ke cin ƙarfe. Saboda haka idan ana son rami mai faɗin milimita 30 da wuƙa mai kaurin milimita 10, dole tsakiyarta ta zagaya da'ira mai faɗin milimita 20 kacal. Umarnin G41 ke ɗauke wa ma'aikaci wannan lissafi, domin yana gusar da wuƙar zuwa hagu gwargwadon adadin da aka ajiye a lambar D, sannan G03 ya zagaya da ita, G40 kuma ya soke gusarwar. Babban amfanin G41 shi ne idan wuƙa ta zaizaye, rami ya fito a tsuke, adadin D kaɗai ake ragewa.