Tace Jijjigar Inji Domin Gano Matsala Tun da Wuri

Gabatarwa

Jihar Neja na cikin manyan jihohin da ke noman shinkafa a Nijeriya. Da kaka, shanshera kan taru a wuraren casa na Minna da Bida da Wushishi, kuma idan inji ya tsaya a wannan lokaci, asarar kan shafi mai inji da manomi baki ɗaya. Kafin inji ya lalace, yawanci jijjigarsa kan fara canzawa. Akwai ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a jikin inji domin auna wannan jijjiga, amma awon ba zai amfane ku ba sai an tace shi.

Me ya sa ake tacewa?

Kowane sashe na inji yana da saurin bugunsa. Injin da ke juyi 1,500 a minti yana bugu 25 a daƙiƙa. Idan nauyin abin da ke juyawa ya karkata gefe guda, jijjiga kan ƙaru a daidai bugu 25. Idan kuwa an haɗa sanduna biyu ba a kan saiti ba, sau da yawa takan bayyana a ninkinsa, wato 50. Boris da ya fara ci yakan yi bugu dubbai a daƙiƙa, amma mai rauni, har jijjigar sauran sassa takan danne shi. Matatar da ke cikin na'urar ita ke ware su, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki.

Ire-iren matata

1. Mai barin bugu mai jinkiri ya wuce: da ita ake duba karkatar nauyi da rashin saiti.
2. Mai barin bugu mai sauri ya wuce: tana kawar da girgizar ƙasa da ta daɓe.
3. Mai zaɓen tsakanin iyaka biyu: ita ta fi dacewa da binciken boris.

Hattara

Bisa ƙa'idar ISO, akan auna jijjiga daga bugu 10 zuwa 1,000 a daƙiƙa. Injin da bai kai juyi 600 a minti ba, bugunsa bai kai 10 ba. Idan ba a sauke iyakar zuwa 2 ba, matata za ta zubar da alamar da ake nema, na'ura ta nuna lafiya alhali inji na ciwo.

Shawarwari

* Ku ɗauki awon farko lokacin da inji ke da ƙoshin lafiya, ku rubuta shi.
* Ku riƙa ɗora na'ura a wuri guda, kan gidan boris, inji na cikin aiki.
* Kada ku canza saitin matata tsakanin awo da awo.
* Idan awo na ta hauhawa, ku duba notuna da bel da giris, sannan ku kira bakanike.

Malaman gona na iya neman ƙarin bayani a sashen injiniyan noma na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Rigakafi dai ya fi magani.