Lalacewar iccen momiji na Japan: gano musabbabi kafin magani

Gabatarwa

Iccen da za mu yi magana a kansa, Japanawa na ce masa momiji, a Faransanci érable du Japon, masana tsirrai kuwa Acer palmatum, sunan da Carl Peter Thunberg ya ba shi a 1784. Asalinsa dazuzzukan Japan da Koriya ne, inda yake rayuwa ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Tsawonsa kan kai mita 6 zuwa 10, ganyensa kuma kamar tafin hannu mai yatsu 5, 7 ko 9. Ya isa Ingila a 1820, daga baya ya bazu cikin lambunan Turai da Amurka saboda jan ganyensa lokacin kaka. Mun zaɓe shi misali ne domin yana nuna wata ƙa'ida: alama ɗaya na iya fitowa daga musabbabi daban-daban, kuma wanda ya yi magani bai gano musabbabin ba yakan ƙarasa iccen da hannunsa.

1. Alamomi

Lalacewar kan bayyana ta hanya uku: bakin ganye ya ƙone ya naɗe, ganye ya yi yaushi ya zube kafin lokacinsa, ko kuwa rassa su riƙa mutuwa daga tsini zuwa gindi. Duk ukun abu ɗaya suke faɗi, wato ruwa ba ya isa ganye. Sai dai ba su faɗin inda hanyar ruwan ta yanke. Tana iya yankewa cikin ƙasa, ko a saiwa, ko cikin jijiyoyin kututture. Aikin mai bincike shi ne ya bi hanyar nan daga ƙasa zuwa sama.

2. Matakan bincike

Na farko, mu duba yadda ɓarnar ta watsu. In ta game iccen duka, musamman ɓangaren da ke fuskantar ranar la'asar ko iska, abin zargi shi ne zafi da ƙishirwa. Saiwoyin momiji sirara ne, ba su nutsewa ƙasa sosai, shi ya sa ɗan fari kan ƙona ganyensa. In kuwa reshe ɗaya ko gefe ɗaya ne ya mutu, sauran na lafiya, sai hankali ya koma ga jijiyoyi.

Na biyu, mu tona ƙasa kamar santimita 10 mu taɓa. Ƙasa busasshiya da ƙasar da ruwa ya kwanta duk yaushi ɗaya suke kawowa, domin saiwar da ta rasa iska ba ta iya shan ruwa. A irin wannan ƙasa mai caɓi ne Phytophthora ke ruɓar da saiwa: sai a tarar da ita baƙa ko ƙasa-ƙasa, da taushi, ɓawonta na saɓulewa. Nan ne kuskure ya fi yawa, don mai lambu in ya ga yaushi sai ya ƙara ban ruwa.

Na uku, mu buɗe gindi. Wurin da kututture ke faɗaɗa ya zama saiwa ya kamata ya kasance daidai da fuskar ƙasa. Icce da aka binne da zurfi, ko wanda ya daɗe cikin tukunya har saiwa ta naɗe gindinsa tana shaƙe shi, yakan yi shekaru yana ramewa sannu a hankali. Mafi yawan ire-iren momiji na lambu masu aure ne, saboda haka a duba mahaɗar auren ko ta tsage.

Na huɗu, mu kankare ɓawon reshe da farce. Kore mai ɗanshi na nufin reshen na da rai. Baƙin tabo a kan ƙananan rassa bayan sanyi da ruwa mai yawa yakan nuna bakteriyar Pseudomonas syringae. In kuma aka yanka reshe mai yaushi aka ga zane kore-kore ko baƙi-baƙi cikin naman iccen, to muna gaban babban abin tsoro.

3. Cutar toshewar jijiya (verticilliose)

Mai kawo ta wani nau'in fumfuna ne, Verticillium dahliae, wanda Klebahn ya bayyana a 1913. Yana zaune cikin ƙasa a matsayin ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu iya jiran shekara 10 ko fiye. Yakan shiga ta saiwa, ya hau jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Iccen kuma, garin kare kansa, sai ya toshe jijiyoyin da danƙo, reshen da ke bisansu ya mutu da ƙishirwa ko da ƙasa na jiƙe. Fumfunar nan na kama auduga, tumatir, dankalin turawa da gauta, shi ya sa tarihin filin ke cikin bincike.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Rashin ganin zanen bai wanke icce ba, domin yakan tsaya ƙasa da wurin da aka yanka; tabbaci sai an shuka guntun reshe a ɗakin gwaji. Sannan babu maganin feshi da ke warkar da cutar in ta shiga jijiya.

4. Kulawa

Kulawa na bin abin da bincike ya nuna. Ga ƙishirwa: ban ruwa mai zurfi lokaci-lokaci, da kariya daga ranar la'asar da iska. Ga ruɓewar saiwa: a rage ruwa, a gyara magudana, ko a ɗaga wurin dashe. Ga gindin da aka binne: a kwashe ƙasar, a yanke saiwar da ke shaƙe shi in ba ta yi kauri ba. A kowane hali, shimfiɗar busasshen ganye ko ɓawon icce mai kaurin santimita 5 zuwa 8 na riƙe ɗanshi, amma kada ta taɓa kututture. A guji zuba takin zamani mai yawan azot, domin yana tilasta sabon toho da saiwa mara lafiya ba ta iya ciyarwa.

Ga toshewar jijiya kuwa, a sare rassan da suka mutu, a goge almakashi da alkol tsakanin yanka da yanka, a ƙona rassan, kada a mayar da su taki. Wani iccen kan killace cutar ya ƙara shekaru, wani ya mutu cikin shekara guda. In ya mutu, kada a dasa wani momiji a gurbinsa. Itatuwa irin su pin da ginkgo sun fi jure mata.

Kammalawa

Momiji ba iccen Sahel ba ne, amma tsarin binciken ya shafe mu. A farkon shekarun 1990, da bedi ya shiga lalacewa a Nijar, binciken da aka yi bai gano ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifin ba, hankalin masana ya karkata ga ƙarancin ruwa da halin ƙasa. Saboda haka muke ba ɗalibai shawara su fara da ƙasa da saiwa, su bi da gindi da jijiya, su bar maganar magani zuwa ƙarshe.