Dalilin da ya sa manomin Goronyo ke rufe manhaja kafin ya gama rajista

A ranar 28 ga Yunin 2021, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ta buɗe shafin intanet domin masu son katin zaɓe su fara rajista daga wayoyinsu. Da aka rufe rajistar a ƙarshen Yulin 2022, hukumar ta bayyana cewa sama da mutum miliyan 10 ne suka fara cike bayanansu a shafin, amma kimanin miliyan 3.4 kaɗai suka je aka ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu. Fiye da miliyan 7 sun tsaya a hanya.

Wannan giɓi tsakanin waɗanda suka fara da waɗanda suka kammala shi ne babban ciwon kan sabbin kamfanonin fasaha. Kamfanin da ya ƙera manhajar biyan kuɗi ko ta sayar da amfanin gona ba ya cin riba da yawan masu leƙa shafinsa. Ribarsa tana ga wanda ya buɗe asusu, ya biya, kuma ya sake dawowa. Duk abin da ke rage wa mutum hanzari tsakanin shiga da kammalawa, shi masana harkar ke kira cikas, kuma kowane cikas yana da rukunin mutanen da yake korewa.

Yadda cikas ɗin yake a gabashin Sakkwato

A ɗauki misalin manomin albasa ko shinkafa da ke noman rani da ruwan madatsar Goronyo, ko mai sayar da tafarnuwa a Wurno. An ba shi labarin wata manhaja da za ta haɗa shi da ɗan kasuwa daga kudu. Ya sauke ta da ƙyar, domin nauyinta ya cinye rabin datarsa. Shafin farko ya nemi adireshin imel, abin da bai taɓa buƙata ba. Na biyu ya nemi lambar gida da sunan titi, alhali a garinsu da sunan unguwa da na maigida ake kwatance. Na uku ya ce a jira lambar tabbatarwa ta saƙon tes, amma kafin sabis ya kawo saƙon wa'adin lambar ya ƙare. Duk bayanan kuma da Turanci suke. A nan sai ya mayar da wayar aljihu ya nufi wurin mai POS.

Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Idan haka abin yake a inda sabis ke da ƙarfi, sai a auna yadda zai kasance a ƙauyukan Rabah. Ga kuma tsada: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, don haka duk hoton ado da aka lafta wa shafi daga aljihun mai amfani ake biyansa.

Akwai kuma batun tsaro. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, domin daƙile 'yan bindiga. Manhajar da ba ta ajiye abin da mutum ya riga ya cike idan sabis ya ɗauke, ba ta san yankin da take neman kasuwa a cikinsa ba.

Darasin ƙarancin takardun kuɗi

A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jefa jama'a cikin ƙarancin takardun kuɗi, manhajojin bankuna da dama sun riƙa tsayawa saboda cunkoso. Kamfanoni irin su OPay, PalmPay da Moniepoint sun samu ɗimbin sabbin abokan hulɗa a wannan lokaci. Buɗe asusu a wurinsu ba ya buƙatar zuwa reshe, wasu daga cikinsu lambar wayar mutum ce ke zama lambar asusunsa, kuma wakilansu suna zaune a bakin kasuwa. Ita kuwa eNaira, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Oktoban 2021, tun farko sai mai asusun banki ne ke iya buɗe ta, wato an bar waɗanda suka fi buƙatarta a waje. Kenya ta riga ta nuna hanya tun 2007 da M-Pesa, wadda ta yi aiki a kan ƙaramar waya ba tare da intanet ba.

Ba kowane cikas ne ake cirewa ba

Wasu matakan kariya ne. A Disamban 2023 Babban Bankin ya wajabta haɗa ƙananan asusu da lambar BVN ko NIN, kuma a Afrilun 2024 ya dakatar da wasu kamfanonin, ciki har da OPay da Moniepoint, daga karɓar sabbin abokan hulɗa na wasu makonni saboda batun tantancewa. A yankin da ake fama da biyan kuɗin fansa, sanin mai asusu wajibi ne. Aikin mai ƙera manhaja shi ne ya raba tambayar da doka ta tilasta da wadda aka kwafo daga shafukan Amurka ba tare da tunani ba.

Hanyoyin gyaran sanannu ne. A nemi lambar waya maimakon imel. A jinkirta duk tambayar da ba a buƙatar amsarta a ranar farko. A rage nauyin shafi, a samar da hanyar lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya. A rubuta umarni da Hausa, a haɗa da murya, tun da yawancin jama'a sun saba da saƙon murya a WhatsApp, kuma akwai masu karanta ajami da ba sa karanta boko. A bayyana cajin da za a cire tun kafin a danna, domin kuɗin da ya ɓullo a ƙarshe yana kashe amana. Sannan a ƙirga mutum nawa ke ficewa a kowane mataki, a je kasuwar Goronyo ranar Lahadi a miƙa wa mutane wayar a ga inda suke maƙalewa.

Wannan ma'auni ya shafi gwamnati fiye da kamfani. Kamfanin da ya kori abokin ciniki kuɗi ya rasa, kuma wani kamfanin zai ɗauke shi. Amma idan shafin rajistar zaɓe, na lamunin ɗalibai ko na tallafin noma ne ya gagari mutumin Wurno, babu wani shafi na biyu da zai koma. Saboda haka duk lokacin da wata hukuma ta sanar da yawan waɗanda suka shiga shafinta, ya kamata a tambaye ta nawa ne suka kammala, kuma daga waɗanne ƙananan hukumomi suka fito.